Ƙwaryar Zinatu

Tun da aka fara liƙa wa jarirai na'urar fassara a kunne ranar suna, babu mai koyon Turanci da bakinsa. Zinatu, ɗalibar kwalejin malamai, ta shiga ajin gwajinta na ƙarshe riƙe da ƙwarya.

Ta ce wa yaran, "Kowa ya jefa na'urarsa a nan."

Suka cire, suka jefa ɗaya bayan ɗaya. Malam Ilu mai jarrabawa ya ce, "Za ki faɗi fa."

"A yi mini haƙuri, Malam."

Ta shiga tafin gaɗa, tana ba da waƙar gaisuwa da Turanci. Yarinya ɗaya ta amsa, sai aji ya ɗauka gaba ɗaya, har da rawa.

Malam Ilu ya cire tasa na'urar, ya jefa cikin ƙwaryar, inda sauran ke ta ƙus-ƙus su kaɗai.