Ƙafar Auta

Ai da likitar ta ɗauki tsinke ta tsikari bayan ƙafar Auta, yarinyar ko ƙifta ido ba ta yi ba. Ta sake tsikara kusa da babban yatsa, shiru. Auta fa shekararta shida, irin yaran nan ne da sauro ma in ya cije su sai unguwa ta ji. Uwarta na tsaye, sai kawai ta zauna a ƙasa daɓas.

Likitar ta ce ta ɗaga ƙafa. Gwiwa ta tashi lafiya lau, amma daga idon sawu zuwa ƙasa sai lilo, kamar an rataye tsumma a igiya.

Matar tana da kirki wallahi, zama ta yi ta zana musu a takarda. Ta ce akwai wata babbar jijiya da ke fitowa daga ƙugu, ta bi ta cikin ɗuwawu ta gangara har yatsu. Ita ke kai saƙo ga tsokar ƙwauri, ta ce mata ɗaga ƙafa. Shi ya sa mai allura yake raba ɗuwawu gida huɗu, ya soka a sama ta gefen waje kawai. Wanda ya yi wa Auta kuwa a tsakiya ya luma. Ga tabon nan a hagu, kowa ya gani.

Uwar ta tambaya ko za ta warke. Likitar ta ce jijiya tana tofowa a hankali kamar farce, wani lokaci kuma ba ta tofowa.

Uban Auta na tsaye a gefe. Mai kiwon tumaki ne, daman shi ba mai magana ba ne, amma ranar gumi ya jiƙa rigarsa duk da fanka na kaɗawa.

To ka san mutanenmu. Kafin su Auta su iso gida labari ya riga su: Dogo mai kyamis ya kashe wa Auta ƙafa. Zazzaɓi ta yi, aka rubuta mata allura huɗu, kullum uban ke goya ta ya kai ta shagon Dogo. Kawun yarinyar, ƙanin uwarta, direba ne mai zafin kai, shi ya tara samari. Suka fasa gilas, suka watsar da magunguna a kwata, suka ja Dogo waje.

Yana ta rantsuwa wai uku kawai ya yi, kuma shi yara a cinya yake musu. Wa zai saurari mutumin da ake duka? Kawu ya ce ai ɓarawo ma da rantsuwa yake farawa. Suka goce masa kafaɗa, 'yan sanda suka zo suka tafi da shi hannu na reto.

Uban yana wajen fa. Bai daka ba, bai hana ba. Da aka kawo takardar ƙara ya daɗe yana kallonta, har Kawu ya ce masa ko sai an kama masa hannu ne, sannan ya dangwala. Mutane suka yi ta cewa bawan Allah, zuciyarsa ce mai taushi.

Daga nan rayuwa ta koma gashin ƙashi, sau uku a mako. Ɗaki ne dogo mai warin man zafi, da sanduna biyu da ake dafawa a koyi tafiya. A lanƙwasa idon sawu, a miƙe, a lanƙwasa, don kada gaɓar ta sandare. A manna mata wasu wayoyi a ƙwauri, tsokar ta riƙa zillo ita kaɗai. Aka yi mata takalmin roba mai riƙe ƙafa. In ta cire shi yatsunta jan ƙasa suke, har fatar ta saɓule ba ta sani ba sai an ga jini.

Uban ne ke kai ta, ko uwar ba ya bari. Ya rame, ido ya faɗa. Tumakinsa da shi yake musu komai da hannunsa, yanzu in ɗaya ta yi ciwo sai ya kira wani. Ita ma Auta bakin nan nata ya mutu. In aka ambaci Dogo sai ta sunkuyar da kai ta kama wasa da igiyar takalminta. Uwar ta ce tsoronsa take ji har yanzu.

Wata biyu Dogo na tsare. Matarsa ta zo da goyo ta durƙusa a ƙofar gida tana roƙo, uwar Auta ta ce ta fara dawo wa 'yarta da ƙafa tukuna. Uban yana ɗaki, bai fito ba.

Ana gobe shiga kotu, lauya ya ce wataƙila alƙali ya so jin bakin yarinyar. Ranar ma akwai gashi. Da suka fito uban ya goya ta, rana tsaka, takalmin robar na bugun ƙugunsa. Sun kai wajen bakin titi sai ta matso da bakinta kunnensa.

"Baba, ban faɗa wa kowa ba fa, ko Umma. Amma gobe in alƙali ya tambaye ni, in ce Dogo ne? Ko in ce ranar shagonsa a rufe yake, kai ka yi min allurar a garken tumaki?"

To kai mai karatu, da kai ne ke goye da ita, me za ka ce mata ta faɗa?