Katanga Tsakanin Tsohuwa da Ceɗiyarta

Kai da kake yabon mutum don ka ga ƙofar gidansa cike da jama'a, zauna ka ji wannan.

An yi wata tsohuwa da ke zaune a gidan ɗanta. A ƙuryar gidan akwai wani lungu da ba a kai masa komai sai toka da fasassun tukwane. Ita ta kwashe jujin da hannunta, ta dasa reshen ceɗiya, ta sa lemun tsami da gwaiba a gefe, ta kewaye su da lalle saboda awaki. Ruwan alwalarta da na wankin shinkafa ba ta yarda a zubar a kwata, can take kai su. Ta yi fama da gara, ta yi fama da kaji masu tono, har bayanta ya ranƙwafa. Da shekaru suka ja, ganye ya haɗe, wurin ya yi lumshi, ko rana ta take tsaka sai ka ji sanyi kamar gindin randa. Nan take shimfiɗa tabarma ta miƙe ƙafafunta masu ciwo, jikoki na barci a gefenta.

Sai ɗan ya samu buɗi, baƙi suka yawaita, zaure ya yi musu zafi. Ko shawararta bai nema ba ya kira magina. Suka ja katanga tsakanin lungun da tsakar gida, suka fasa ƙofa ta bakin titi. Da ta yi magana, sai ya ce, "Inna, mutanen kirki ne fa, ai ba a bar su cikin rana ba." Ta dube shi. To ita da ta goya shi, ita ce ta dace da ranar ke nan?

'Yar ƙaramar ƙofa ya bar mata, wai ta riƙa shiga da sassafe tana ban ruwa kafin maza su hallara. Kuma tana shiga, don zuciyarta ba za ta iya kallon shukar tana bushewa ba. Ta share ɓawon rake, ta ɗaure reshen lemun da aka karya wajen jingina babur, sannan ta koma jikin madafa tana bin 'yar siririyar inuwar bango, tana jan tabarma duk inda ta karkata.

Wata rana da azahar, gumi na tsiyaya daga wuyanta, ta jiyo wani baƙo ta bayan katanga yana cewa, "Alhaji, Allah ya yi wa hannun da ya raya wurin nan albarka." Ta kasa kunne ko ɗan zai ambace ta. Sai ta ji ya yi 'yar dariya ya ce, "Amin, ɗan ƙoƙarin da muka yi ne."

Irin wannan ɗa Hausawa suka gani suka ce: inuwar giginya, na nesa ka sha.