Ƙafar Yayata Ba-Gajiya

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Karatuna bai yi nisa ba, kuma ni ko a cikin mutane ba na iya ɗaga murya. Amma abin ya tsaya mini a rai, don haka ku yi haƙuri da rubutuna, ku ji labarin yayata.

Tela ce. Kekenta na ƙafa ne, a bakin taga yake, da shi take rufa wa kanta da yaranta asiri. Tun muna ƙanana ake ce mata Ba-Gajiya, domin ba a taɓa ganinta zaune ba aikin komai.

Wata safiya ta hau kujera za ta rataya labule, kujerar ta goce, ta faɗo a kan ƙafar dama. A asibiti aka ɗauki hoto, aka ga ƙashi ya karye kusa da idon sawu. Likita ya sa mata filasta, ya ja wa mijinta kunne a gabanta cewa kada ta taka ƙafar nan ko da wasa, sai ranar da shi ya ce ta taka. Mijin ya ce an gama, ai sarauniya za ta zama a gidan.

Sarautar ba ta yi nisa ba.

Masu dubiya suka fara zuwa, dangin miji da maƙwabta da masu kawo ɗinki. Kowa ya shigo da sannu a bakinsa, ya nemi wuri ya zauna, hira ta ɓarke har rana ta take. Yaransu su zubar da ruwa, su watsa ƙyallaye a tsakar ɗaki. Mijin ya leƙo ya tambaya ko an kawo wa baƙi abin sha, bai ce wa zai kawo ba. Yaranta suna makaranta. Sai ta dafa bango ta miƙe.

Da farko tsalle take yi da ƙafa ɗaya. Amma ba a ɗaukar tire ana tsalle, sai ta fara dogara dunduniyar mai ciwon. Ƙanwar mijinta ta hango ta tana fitowa daga kicin, ta tafa hannu tana dariya.

"Ban faɗa muku ba? Matar yaya ai ƙarfe ce. Da wata ce da tuni ta baje tana mana shagwaɓa."

Aka yi dariya, ita ma ta yi murmushi. Daga ranar kunya ta hana ta cewa a miƙo mata ko da kofi.

Wanki ya taru, ta ja kujera ta yi. Ruwa ya jiƙa filastar, ƙasanta ya yi laushi, ta ɗaura leda a kai ta ci gaba. Sai wata maƙwabciya ta kawo kayan makarantar 'ya'yanta, ta ce ai ɗaya ƙafar lafiyarta ƙalau, kuma ba ta yarda da hannun kowa ba sai nata. Yayata ta gwada da hagu, keken yana komawa baya yana tsinka zare. Ta ɗora mai filastar ta taimaka. Mijinta yana ƙofar gida da abokansa, ya ji ƙarar keke, ya ce musu su saurara, irin matarsa ba a samunta ko'ina.

Ranar komawa asibiti ta zo ta wuce. Mijin ya ce wadda ke yawo a gida har da ɗinki ai ta warke.

Lokacin da labari ya iso mini na zo, ƙafar ta riga ta karkace ciki, yatsun sun kumbura. Tare muka koma asibitin, har da mijin. Likita ya daɗe yana kallon sabon hoton, sannan ya tambaya wa ya ce ta taka.

"Likita, ita ce ba ta iya zama," in ji mijin.

Yayata ta sunkuyar da kai. Likita ya ce ƙashin ya haɗe a karkace. Ko an yi aiki, zafin ne zai ragu, amma taka keke kam kada ta sa rai.

Yanzu da sanda take tafiya. Masu ɗinki sun koma wani wuri, har da maƙwabciyar nan. Masu dubiya sun ɗauke ƙafa. Ƙanwar mijin ta zo sau ɗaya, ta dubi tsakar gida, ta ce Ba-Gajiya ta koyi son jiki.

Wata yamma ina shafa mata magani na tambaye ta me ya hana ta aiko a kira ni tun da wuri. Ta ce ba ta so a ce ta gaza. Sannan ta ƙara da cewa:

"Kowa ya ce mini sannu, ƙanwata. Ba wanda ya ce zauna, kawo in yi."

Jama'a, idan kun je duba mara lafiya, ku dubi aikin da ke jiransa ku ɗauke masa. Kada ku yaba wa mai ciwo don ya tashi, yabon nan yana iya nakasa shi har abada.

A yammar nan ta gaya mini ta sami mai sayen keken. Washegari da safe na goge shi, na zuba masa mai. Ƙarƙashin allurar akwai wata 'yar riga da ba ta gama ba. Na yanke zaren, na cire ta, na kira masu ɗauka su shigo.