Saitin Kunne

An ce kiɗa ne ya kashe ɗana. Wai ya ƙure rediyon mota, bai ji jiniyar jirgin ƙasa ba, jirgin ya banke motar, ya tafi da fasinja uku. Shekara talatin na yi ina koyarwa, ban taɓa karɓar "an ce" a matsayin amsa ba. Na nufi shagon mai haɗa masa sauti.

"Mama, ki bar maganar nan," in ji shi.

"Ni na haife shi. Faɗi."

Ya ɗauko wata 'yar lasifika kamar murfin kwalba. "Wannan ke fitar da siririn sauti, sai an saita ta daidai kunne. Sau huɗu yana dawowa wai ba ta aiki. Na ɗauke ta daga gindin gilashi, na karkata ta har tana kallon kunnensa. Na ƙure ta har kaina na sarawa, shi yana cewa, 'Malam, kunna mana!'"

"Ranar hatsarin fa?"

"Ga rediyon can, tuni ya sa na cire. Ya roƙe ni in yi shiru, tuƙin ne abincin 'ya'yansa."

Babu kiɗa a motar. Ɗana ya kurmance, ya sani, ya ci gaba da tuƙi.