Kwana Tara a Rajista

Minti shida kwamitin ladabtarwa ya yi da Lizzy Benson. Shekara goma sha ɗaya tana aikin jinya a wani ƙaramin asibitin gwamnati a unguwar Television, amma ko kujera ba su nuna mata ba.

Kwana tara ba ta zo aiki ba, ga sunanta kuma a rajistar zuwa kowace safiya. Da fashin aikin ne kawai, gargaɗi za a yi mata. Sa hannun bogin ne ya jawo kora.

Ta ce tana jinyar ɗanta mai sikila ne, ba ta aiki kowa ba. Ta roƙi su dubi rubutun, harafi-harafi ne. Shugaban kwamitin ya ce ita dai sunan ya amfana.

Ta ɗaukaka ƙara. Abokan aiki suka janye jiki, sai Mama Rebecca mai shara, wadda ke buɗe asibitin tun ƙarfe shida. Ita ce ke tahowa daga unguwar Romi duk ranar zama, ta zauna a bencin waje da Littafi Mai Tsarki, tana bin layi da yatsa. Ta rame fiye da mai ƙarar.

Sau uku tana miƙewa ta nufi ƙofa.

"Ɗana, ina da magana."

"Mama, ba a kira shaida ba," in ji masinja. "Masu shara ma yanzu lauyoyi ne?"

A zama na ƙarshe aka tabbatar da korar. Lizzy ta fito ba hawaye, ta zauna a bencin.

"Mama, wanda ya yi min wannan maƙiyi ne. Na bar shi da Allah. Ɗana ko maganin wata mai zuwa..."

Tsohuwar ta zame daga benci, gwiwoyinta suka bugi siminti. Ta kama ƙafafun Lizzy da hannu biyu.

"Tashi, Mama, mutane na kallo."

"'Yata, ba maƙiyi ba ne. Na ga layinki babu komai, na ji tsoro su ce kin gudu daga aiki. Mako guda na yi ina koyon sunanki kafin na iya rubuta shi, na cike layukan duka."