Duriyan a Gaban Alƙaliya

"A kawo duriyan," in ji alƙaliya. "Wanda ya nuna luguf."

Lauyan ƙanena ya yi murmushi, don dabararsa ce: wai ranar bikin watsa ruwa na sabuwar shekara da aka tare yaron a kan babur, ba giya ya sha ba, duriyan ya ci, wani ɗan itace mai ƙaya da tsananin wari, shi ya ruɗa na'urar 'yan sanda mai auna giya a numfashi har awon ya ninka abin da doka ta yarda.

Abin da lauya bai sani ba shi ne gonar duriyan gare mu a Chanthaburi, kuma warinsa ne ya kori ƙanena zuwa Bangkok.

Aka fasa duriyan, kotu ta ɗauka da wari.

"Ci, mu sake awo," in ji alƙaliya. "In na'ura ta yi ƙarya, ka tafi da lasisinka."

"Loma biyu kawai, ɗan'uwa," lauya ya raɗa masa.

Innarmu ta ɗaga murya daga baya: "Ci mana, ɗan nema! Wannan ko rabin namu bai kai ba."

Ƙanena ya kai loma bakinsa, ya tsaya, idanunsa suka kawo ruwa. Sai ya ajiye, ya haɗa tafukan hannu.

"Ranki ya daɗe, giya na sha. Da yawa ma."

Alƙaliya ta ƙwace lasisin, ta ci shi tara, ta tura shi aikin shara a ɗakin ajiye gawarwakin haɗarin mota.

Ya yi ajiyar zuciya. "Can ana ba da takunkumi, ko?"

"Na hanci kaɗai," in ji ta. "Idonka a buɗe za ka bar shi."