Ungozomar da Ba Ta Gaida Likita

"Faɗa wa wancan saura ɗaya a ciki, kuma a gicciye yake."

Inna Kaltumi ungozoma ce ta yi wa Hindatu maganar, fuskarta na kallon bango. Wancan ɗin kuwa, Likita Sahabi, yana tsaye taku uku daga gare ta, kunnuwansa lafiya lau.

Wata biyu ke nan da aka turo Hindatu daga garin Tawa ta zama sajfam, wato ungozomar asibiti, a matanite, asibitin haihuwa na Gure, cikin damanar 1993, kuma duk wata biyun a kai saƙo tsakanin Kaltumi da likita ta yi su. Tsohuwar ba ta gaida likita, ba ta kallonsa, ba ta kama sunansa. In ya shigo ta ƙofar gabas, ta juya yamma. Shi kuma, mutumin da ya yi karatu har Yamai, da ya hango ta sai ya sassauta murya. Abin yana ƙona wa Hindatu rai. Duk wanda ta kai wa ƙara sai ya yi dariya ya wuce, don haka ta rubuta takardar neman a hana tsohuwar shiga ɗakin haihuwa, ta adana cikin aljihun rigarta.

Wadda ke kwance yau Zinariya ce, daga wani ƙauye wajen Kelle. Ta haifi Hassana a gida da asuba, ɗayan ya ƙi fitowa. Kaltumi ta ɗora ta a amalanke ba tare da ta jira izinin kowa ba.

Likita ya taɓa cikin, ya kasa kunne, ya ce wa Hindatu, "Gaya mata gaskiyarta ce. Damagaram ya kamata a kai ta."

"Faɗa masa motarsu ba ta da taya," in ji Kaltumi. "Ko da akwai, gawa biyu zai sauke. Ya juya shi daga ciki, ni na riƙe daga waje."

Kafin ya amsa, sai ga Mamman mijin Zinariya a bakin ƙofa, sanda a hannu, gumi har ƙafa.

"Namiji ba zai ga tsiraicin matata ba! Ku ba ni ita!"

Kaltumi ta tare ƙofar da ɗan ramammen jikinta. "Mamman, ni na yanke maka cibiya, kuma ran nan ban ji ka kafa wa kowa sharaɗi ba. Hannun da zai yi aikin nan na yarda da shi. In ta mutu, ka zo ka kama ni. In kana son shiga yanzu, sai ka taka ni."

Sanda ta sauka. Hindatu dai ta rasa gane tsohuwar nan. Mutum ka ƙi ko gaishe shi, sannan ka ba da wuyanka a kansa?

Aka shiga aiki. Likita ya sa hannu yana laluben ƙafar jaririn, Kaltumi ta dafe cikin tana tura kan a hankali, Hindatu na riƙe da Zinariya tana mata sannu. Nan ba a nemi mai kai saƙo ba. In hannun ɗaya ya motsa, na ɗayan ya riga ya san inda za shi. Bayan wani lokaci da ya yi wa kowa tsawo, Usaini ya fito da ƙafa, shiru, shuɗi. Kaltumi ta murza masa baya har ya tsala ihu.

Mabiyiya ta faɗo, komai ya lafa. Likita ya wanke hannu ya fita, don ana jiransa a wancan ɓangare na asibitin.

Bai daɗe da fita ba jini ya ɓalle.

Hindatu ta danne marar Zinariya da hannu biyu, jinin na bin gefen gado yana ɗiga ƙasa. Idon matar ya fara juyewa. Allurar tsai da jini ta ƙare musu tun jiya, ragowar tana cikin jakar likita.

"Inna, kira likita! Maza!"

Kaltumi ta ruga bakin ƙofa. Rana ta take, filin fayau, Mamman ya tafi neman ruwa, babu wanda za a aika. Can nesa likita yana shirin shan kwana. Tsohuwar ta buɗe baki ta rufe. Ta waiwayo ta dubi jinin.

"Sahabi!"

Muryar ta cika filin. Likita ya tsaya cak kamar an jefe shi da dutse, sannan ya juyo da gudu har takalminsa ɗaya ya fita.

Allura, ƙarin ruwa, murza ciki. Jinin ya ja baya, ya tsaya. Wajen la'asar Zinariya ta buɗe ido ta tambayi ƴaƴanta. Kaltumi ta naɗe zanenta ta fice, kanta a ƙasa.

Hindatu ta iske likita zaune a dakali, ƙafa ɗaya ba takalmi, idonsa jajir. Ta zaro takardarta.

"Likita, ta iya aiki, ban musa ba. Amma raini ya yi yawa. Yau har da kiran sunanka gatsal a tsakiyar fili! Ka sa hannu kawai."

Ya karanta har ƙarshe, ya ninke ta, ya mayar mata. Murmushi yake, hawaye na zuba.

"Madam, yaga ta. Ni ne ɗan farinta, kuma shekarata talatin da shida ina jiran in ji sunana a bakin uwata."